Kunamar Rumbun Baiko

Babana ya mai da ni ɓarauniya a gaban jama'a, kuma ya mutu bai janye ba. Fasto ne, mutumin kirki ne, duk Gaya an shaide shi, Musulmi da Kirista. Ban ce a rage masa komai ba. Amma abin da ya yi mini ya yi, ni kuma na gaji da yin murmushi duk lokacin da aka tayar da zancen.

Majami'armu ƙarama ce a lokacin, ginin laka da rufin kwano, a bayan gari ta wajen hanyar gulbi. Gidanmu yana manne da ita, bango ɗaya muke. In ana waƙa da ganga a ciki, ƙasa takan zubo a kan gadon Inna. Ba mu da yawa. Akwai 'yan gidaje na mutanen ƙauye da suka karɓi bishara, da ma'aikatan da aka turo daga wani wuri, da 'yan kasuwa daga ƙetaren gada. Maƙwabtanmu duk Musulmi ne, manoman shinkafa da gero, kuma ban tuna wata rigima tsakaninmu ba sai wadda akuya ta jawo.

Wanda bai zauna gidan fasto a garin iyaka ba, bai san abin da ake kira baƙi ba. Mota ta lalace, 'yan duwan, wato kwastan, sun riƙe wa mutum takarda, mace ta biyo mijinta daga Malanbil, can ƙetaren gada, ba ta same shi ba, duk ƙofarmu ake nuna musu. Masu shayin bakin tasha ma sun sani, sai su ce, "Je ka gidan fasto, can ba a kora." Baba yakan tarbe su da fara'a, ya shimfiɗa musu tabarma a gindin dogon yaro, ya leƙo cikin gida ya ce, "An ƙaru da uku." Daga nan aikinsa ya ƙare. Sauran na Inna ne da ni.

Ni ce 'yar fari, shi ya sa ba a kai ni lakwal, wato makarantar boko, ba. Kullum ana cewa bari ƙannena su tasa tukuna. Suka tasa, aka kai ƙanena da ke bi mini, ni aka ce ai na yi girma. Ran Laraba da yamma Baba yakan tara manyan maza a gindin bishiya yana koya musu baƙaƙe, ni ina wucewa ta gabansu da tulu a ka. Waƙoƙin sujada duk na haddace su. Nakan riƙe littafin waƙa a buɗe kamar kowa, in ta juya shafi idan na ga na kusa da ni ta juya.

Kuma ka san yadda uwa take da 'yar fari a wajenmu. Inna ba ta kiran sunana. "Ke" ce, ko "yarinyar nan". Ba ta yabona a gaban mutane, ba ta tsaya mini in an yi mini faɗa, don kunya. Bishara ta shigo gidanmu ta canza abubuwa da yawa, wannan ba ta taɓa shi ba.

A tsakar gidanmu akwai rumbu biyu. Ƙaramin namu ne. Babban shi ne rumbun baiko. Kowace kaka, ranar godiya, kowane gida yakan kawo dami daga amfanin gonarsa, gero ko dawa, a shigo da shi majami'a ana waƙa, mata suna guɗa, ƙaiƙayi yana tashi a hasken taga har yara su yi ta atishawa. A yi addu'a a kai, a zuba a rumbun. Daga wannan rana ya zama na Allah. Ba a ɗaga hular rumbun sai dattawan ikilisiya biyu suna tsaye. In wata ya kama su fitar wa fasto rabonsa, sauran kuwa na gwauraye mata ne da marasa lafiya har wata kakar. Duk cikin masu tsare wannan doka babu mai tsanani kamar Baba. Ko kaza ce ta tsinci ƙwaya a gindin rumbun sai ya kore ta.

Ina shekara tara ruwan sama ya ɗauke, gero yana cikin fitar da kai. Kakar ba ta yi albarka ba, bazara kuma ta zo da wuri, da zafin nan na Gaya mai nauyi da ke tasowa daga gulbi ya zauna maka a ƙirji. Mutane suka yi ta gangarowa daga arewa, da yara da ƙullin kaya, suna neman tsallakawa Benin ko Najeriya. Wanda ya kasa tsallakawa yana gidanmu. Namu rumbun ya ƙare tun kafin azumin maƙwabta. Rabon da dattawa ke fitar mana ba ya kai kwana goma. Inna ta sayar da tasoshin aurenta ɗaya bayan ɗaya. In ta yi wa Baba magana sai ya ce, "Ubangiji zai tanada." Da gaske yake, ba ya wasa da wannan. Sau da yawa na ga ya tura wa baƙo ƙwaryarsa ya tashi da yunwa yana waƙa.

Wata rana da hantsi Baba ya hau kekensa ya tafi ƙauyen Bana duba 'yan'uwa. Baƙi sun fita neman aikin yini a fadama. Inna ta ɗauko tsani ta jingina da babban rumbu, ta ture hular da sanda, ta yafito ni ta ce, "Hau."

Bakin rumbu ƙarami ne, babba ba ya shiga da sauƙi, shi ya sa ko dattawa yaro suke sawa. Na zura ƙafa na dira a kan dammuna. Ciki duhu, zafi kamar tanda, ƙamshin gero ya cika mini hanci. Na riƙa zaro zangarniya daga tsakiyar dami don kada a gane, ina miƙo mata tana tarawa a zane. Da na sauko jikina duk ƙaiƙayi, ta wanke ni da kanta a bayan ɗaki, abin da rabon da ta yi tun ina ƙarama. Ba ta ce kada in faɗa ba. Ran nan kowa ya ci tuwo ya ƙoshi, Baba ya dawo ya yi doguwar addu'ar godiya, muka ce amin.

Haka muka yi duk bazarar. Baba ya tafi Karakara, in hau. Ya tafi Zabori, in hau. Har na iya gane ranar tun daga yadda Inna ke kallonsa yana hura tayar keke.

Ranar da abin ya ɓaci, ina cikin rumbu, Inna ta shiga ɗaki da zangarniyar da na fara miƙo mata. Na zura hannu ƙarƙashin dami, sai na ji kamar an soka mini ƙusa mai wuta a tafin hannu. Kunama ce. Na ƙwalla ihu. Na yi ta kokawa da bakin rumbu har na fito da kaina da kafaɗa, zangarniya cike da zanena, sai ga Baba a ƙofar gida riƙe da keke, taya ta fashe masa a hanya, da wani dattijon ikilisiya a bayansa. Su suka sauko da ni. Inna ta fito ta tsaya a bakin ɗaki.

Baba ya durƙusa a gabana. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Wa ya aike ki?"

Na dubi Inna. Idonta yana ƙasa. Na ce, "Ba kowa."

Maƙwabciyarmu ce ta leƙo ta katanga da ta ji ihun, ta zo ta ɗaure mini hannu ta shafa mini wani magani mai wari, tana cewa, "Sannu 'yar fasto, sannu, ba ta kisa." Da yamma na tarar da dafaffen ƙwai ɗaya a ƙarƙashin ƙwaryata. Na san wanda ya ajiye. Iyakar maganar da ni da Inna muka yi a kan wannan abu ke nan, shekara da shekaru.

Ran Lahadi Baba ya kira ni gaba. Ya ɗaga hannuna mai kumburi ya nuna wa jama'a. Ya ce ba zai ɓoye zunubin gidansa ya tona na wasu ba. Ya ce 'yarsa ta cikinsa ta shiga rumbun Allah da rana tsaka don ta ga ba idon mutum, ta manta akwai idon da ba ya barci, kuma Ubangiji ya aiko ƙaramar halitta ta tsawata mata don yana ƙaunarta. Yana faɗa yana hawaye. Mutane suka yi ta gyaɗa kai, suna cewa wannan shi ne fasto na gaskiya. Da dattawa suka buɗe rumbun suka ga ya yi ƙasa sosai, sai aka ce ɓera ne, da gara, da yarinyar. Yarinya 'yar shekara tara ta ci kusan rabin rumbu ita kaɗai, ɗanye? Babu wanda ya tambaya. Maza ba sa tambayar inda tuwo ya fito, sai dai in bai fito ba. Suka liƙe bakin rumbun da laka. Allah ya taimaka damina ta sauka, tafasa da rama suka fito, baƙi suka koma gonakinsu.

Na ɗauka za a manta. Ina! Baba ya samu wa'azi. Kowace ranar godiya sai ya kawo shi, kuma kowace shekara kunamar tana ƙara girma. Masu bishara da ya horar suka ɗauka suka kai ƙauyuka. Na yi aure, dangin mijina sun riga sun san labarin kafin su san fuskata. Na haifi 'ya'ya, na aurar. Ranar da zumuntar mata za ta zaɓi mai riƙe makullin ɗakin tukwane, wata ta ambaci sunana, wata ta ce, "A dai duba ko akwai kunama a ciki," aka kwashe da dariya, ni ma na yi. Aka ba wata.

To, akwai wa'azi na biyu, kuma shi ne ya ɗaure ni. Baba yana da labarin da yake bayarwa duk bazara, lokacin da hatsi ya yi tsada, fuskoki suka bushe. Labarin tukunyar matarsa. Yakan ce a shekarar yunwa baƙi sun cika gidansa, shi ya san abin da ake ba shi ba ya isa, amma tukunyar matarsa ba ta taɓa kwana ba wuta ba. Bai san ta yaya ba har yau. Mata sukan yi kuka. Wasu sukan zo bayan sujada su roƙi Inna ta ɗora hannu a kan buhunsu ta yi addu'a. Na san wata gwauruwa da ta ce mini wannan labarin ne ya hana ta jefa kanta a gulbi shekarar da mijinta ya rasu ya bar mata yara biyar. Inna ta zama uwar ikilisiya. Ni kuwa ina zaune a layin baya ina sauraren duka biyun, na kaka da na bazara, shekara bayan shekara. In na buɗe baki na wanke kaina, na tsiraita uwata, na kuma ƙwace wa waccan gwauruwa abin da ta riƙe. In na yi shiru, ni ce ɓarauniya. Ban taɓa samun ƙofa ta uku ba.

Na haura arba'in kafin in riƙe alli. Bayan mijina ya rasu aka buɗe ajin yaƙi da jahilci na mata a unguwarmu, madam ɗin da ke koya mana ba ta kai 'yata ta biyu a shekaru ba. Ana tambayar kowa dalilin zuwanta, wasu suka ce don salula, wasu don takardar likita. Na ce don kaina. Gaskiyar ita ce Baba ya bar akwati cike da kaye, littattafan da yake rubutu a ciki. Kullum da safe bayan addu'a yakan zauna ya rubuta abin da ke ransa, kuma akwatin yana ɗakin Inna, a gidana, don ni nake riƙe da ita tun da ƙafafunta suka gaza. Ina so in ga ko ya sani.

Shekara biyu na yi kafin in iya bin rubutunsa. Na tarar da mutumin da ban sani ba. Yana rubuta agwagin Inna, da tarin da ke damunta, da dattawa biyu da suka yi wata uku ba sa gaisawa saboda benci. Yana rubuta tsoronsa cewa ya fi son a yabe shi fiye da yadda yake son Allah. Na yi ta karantawa da yatsa, ina jin sonsa yana dawowa, haushina kuma yana ƙaruwa tare da shi. Sai na kai ga kayen waccan shekarar ta yunwa. A shafin hagu ya rubuta cewa yau ma kowa ya ƙoshi, bai san inda hatsin ke fitowa ba, ya bar tambaya, ya gode. A shafin dama, kwana uku bayan haka, ya rubuta kunamar. A ƙasa ya sa addu'a: Ubangiji ya tsare hannun 'yata. Shafi biyu suna kallon juna, in ka rufe kayen ma manne suke. Na juya gaba, na juya baya, na duba gefe ko ya sa wata 'yar alama. Babu. Ko bai gani ba ne, ko ya gani ya kau da kai, ya tafi da amsar.

Yanzu majami'ar ta siminti ce, da lasifika, da fanka. An rushe rumbun tun tuni, baiko a buhu yake zuwa ko a ambulan. Jikokina ba su taɓa ganin cikin rumbu ba. Amma labarin bai rushe ba. Kwanan baya jikata ta dawo daga ajin yara na Lahadi tana tsalle, ta ce, "Kaka, ashe ke ce ta kunama! Nuna mini wurin." Ta kama hannuna tana juyawa.

Ƙanena, wanda aka kai lakwal, shi ne faston yanzu, yana zaune a gidan da muka tashi. A makon nan ya zo gaishe da Inna, da zai tafi ya ce, "Yaya, ki haɗa mini kayen Baba. Za mu buga su littafi kafin godiyar bana, a raba har ƙauyuka."

Na ce, "Har da kunamar?"

Ya yi dariya. "Haba Yaya, ai ita ce kan gaba. Labarin ƙuruciya ne, kowa ya san kin tuba."

"Na tuba daga me, Fasto?"

"To fa, yau da faɗa aka tashi." Ya hau babur ɗinsa. "Gobe zan aiko a karɓa."

Da la'asar na fitar da Inna inuwa, na zauna kusa da ita ina tsince shinkafa a faifai. Ta tsufa ƙwarai, idonta ya yi fari-fari, amma kunnenta ras. Na ce, "Inna, kin ji abin da ɗanki ya ce."

Ta ce, "Na ji."

"Za a buga. Jikokin jikokina za su karanta."

Ta gyara zama. Can ta ce, "Ke, mutum goma sha ne a tsakar gida, da masu goyo. Me zan ba su? Waƙa?"

"Ban ce kin yi laifi ba."

"Na yi. Kayan Allah ne." Ta gyara mayafinta. "Amma ran nan da na buɗe baki, da dattawa sun sauke shi. Faston da matarsa ke shiga rumbu? Ke yarinya ce, na ce za a manta. Ban san zai riƙa wa'azi da ke ba."

"Shekara nawa kina ji, Inna."

"Ina ji. Kina tsammani don me nake sunkuyar da kai? Su suna cewa tawali'u ne."

Na ajiye faifan. Na ce, "To yanzu in yi yaya?"

Ba ta dube ni ba, ba ta taɓa dubana kai tsaye ba dama. Ta ce, "An ce kin iya rubutu yanzu."

"Na iya."

"To ni ban iya karatu ba. Abin da aka rubuta ba na gani." Ta miƙa hannu tana laluben faifan. "Ba ni shinkafar nan, kin bar tsakuwa."

Washegari da safe, bayan na yi mata wanka na ba ta koko, na buɗe akwatin na ciro kayen. Na ɗauki bik, biron rubutuna. A ƙasan shafukan nan biyu akwai ɗan fili, na rubuta da hannuna mai karkata, layi ya tsallaka daga hagu zuwa dama: Geron da na ɗebo a wannan shafi shi aka dafa a wancan. Ba ni na jingina tsanin ba. Na sa sunana cikakke.

Ban jira ɗan aike ba. Na ƙulle kayen duka a zane na ɗora a ka, na taka har gidan fasto. Na same shi a tsakar gida yana karyawa da wasu baƙi biyu, hayaƙi yana fitowa daga madafa. Na sauke ƙullin a gabansa, na buɗe masa wurin, na ce in zai buga to da wannan, in ba haka ba in koma da kayana. Ya sa tabarau zai fara karantawa a zuci. Na dafe shafin da hannu, na ce ya kira matarsa daga madafa tukuna, sannan ya karanta da ƙarfi.